Kalmasar Ummu Nizar

A unguwarmu, can saman tudun Ashrafiyya inda gidaje ke hawa kafaɗun juna suna leƙen tsakiyar birnin Amman, da wuya ka sami mace mai shekara arba'in zuwa sama da ba ta taɓa tsayawa gaban Ummu Nizar ba, hannuwa a shimfiɗe kamar tsuntsuwa mai shirin tashi, numfashi a riƙe. Ni ma na tsaya. Shekara talatin da ɗaya ƙofata na kallon tata a hawa na uku, kuma duk rigar da na taɓa shiga taro da ita daga hannunta ta fito, haɗe da faɗa.

"Saki cikin nan, Hiyam," haka take ce mini. "In kin riƙe shi yau, ranar biki wa zai riƙe miki?"

Sunanta na yanka Widad. Tana 'yar shekara goma sha uku mahaifinta ya kai ta koyon ɗinki wurin wata Ba'armeniya, Madam Araksi, wadda ta sa ta shekara guda cur ba ta taɓa almakashi ba. Kalmasa kawai. Ninke bakin yadi, ɗauko zare ɗaya tak daga jikinsa da kan allura, ja a hankali, sake ɗaukowa. In Madam ta juya rigar ta ga alamar inda allura ta bi, sai a farke a sake daga farko. Daga baya Widad ta auri wani direban tasi mai yawan dariya, ta haifa masa Nizar da Rula, ya rasu yaran ba su gama firamare ba. Keken ɗinki ne ya ƙarasa renon. Ta bango ƙararsa ke shigo mini, tun hantsi har la'asar, kamar yayyafin da bai san gajiya ba, har na saba ina auna tsawon yini da shi.

Abin da take taƙama da shi a duniya guda ne: tun ranar da ta baro shagon Madam Araksi, ba ta sa abin da wani mahaluki ya ɗinka ba, in ban da safa. Safar ma, in ji ta, don dai ba ta da lokaci ne.

Talatar farko ta kowane wata ita ce ranar istikbal ɗinta. Yaran yanzu sun watsar da wannan, amma mu da muka manyanta kowace tana da ranarta. A buɗe ƙofa da hantsi, a ɗora gahawa, ƙawaye su zo a zauna a gyara wa duniya zama. Ta watan Afrilu kuwa daban ce. In sanyi ya naɗe kayansa, ciyawa ta fara leƙowa ta tsagar matattakala, ranar ce Ummu Nizar ke fitowa da sabuwar rigar shekara. Matan su zagaye ta ana sambarka. Sai Ummu Hatim, ƙawarta tun ƙuruciya, mai kaifin ido da kaifin harshe, ta sunkuya da nishi ta kama bakin rigar, ta juya shi, ta kai shi dab da tabarau tana neman inda allura ta shiga. Shekara talatin tana nema ba ta samu ba.

"Ke dai faɗi gaskiya, aljanu ke miki."

"Aljanu ba su da haƙuri, Ummu Hatim. Saki rigar kada ki shafa mini mai."

Bara, wajen ƙarshen kaka, ƙarar keken ta fara tuntuɓe. Ta yi gudu ta tsaya, ta yi gudu ta tsaya. Kafin ruwan farko na lokacin sanyi ya sauka ta yi shiru gaba ɗaya. Ummu Nizar ta gaya wa masu kawo ɗinki cewa ta gaji da tumbin matan Ashrafiyya, hutu take yi. Suka yi dariya suka kwashe yadinsu.

Ni na san ba haka ba ne. Wata rana ta ƙwanƙwasa mini ƙofa in zura mata zare, wai ba ta ga tabarau ba, alhali ga shi a karan hancinta. Da ta miƙo allurar sai na ga kan zaren yana rawa, allurar ma tana rawa, kowanne da kiɗansa. Likita ya ce rawar tsufa ce, ba ta kisa, kuma ba ta tafiya. Ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Daga ni sai Rula, da ke aure a Dubai. Ranakun istikbal ni, da rubuta waƙe ne aikina, ta ɗora wa zuba gahawa, tana ce wa matan, "Ku bar ta ta yi wani abu mai amfani, masu waƙe ba su da aikin yi."

Sanyi ya wuce haka. Maris ya shigo, babu riga, babu mai ɗinka ta, ga Afrilu na tafe da Ummu Hatim a bayansa.

Rula ce ta kawo dabara. Ta kira ta waya ina zaune, fuskarta ta cika gilashin.

"Mama, akwai wani kamfani a nan Amman ɗinku. Na riga na sa sunanki ta intanet. Duk wata za su aiko miki da kwali, kaya kala biyar. Akwai yarinyar da aikinta ke nan, ta dubi hotonki da awonki ta zaɓa miki. Ki gwada a gida kwana uku. Wanda kike so ki riƙe, sauran ki mayar. Kada dai ki cire takardar jikinsu."

"Ta zaɓa mini? Ni?"

"Ke, Mama."

"Wace ce ita? 'Yar wa ce? A wurin wa ta koya?"

"Mama, ba aurenta za ki yi ba."

"Yarinyar da ba ta taɓa ganin kafaɗata ba! Rula, shekara hamsin ina gaya wa mata abin da ya dace da su, yau an wayi gari waya ce za ta..."

"To shi ke nan, ki sa rigar bara. Ki gaishe mini da Khalto Ummu Hatim." Khalto, wato inna, haka yaranmu ke kiran sa'annin iyayensu mata.

Ummu Nizar ta gyara zama. Can ta ce, "Me suke so a rubuta?"

Awo suke so. Ta karanto mini lambobi da ka, ba ko gargada. Na dube ta, na dubi lambobin.

"Ummu Nizar, wannan awon na wace shekara ne?"

"Awona ne."

"Na san naki ne. Na kafin a haifi Rula ko na bayan?"

Ta harare ni, ta buɗe aljihun teburi ta jefo mini tef. Ranar na fara zagaya ta da shi, kuma ina jin ranar ce aka fara auna ta tun da aka haife ta. Ta tsaya a sandare, tana kallon silin. Da na zo ƙugu sai na ji abin ya motsa ciki.

"Saki cikin nan, Ummu Nizar."

"Allah ya isa tsakanina da ke, Hiyam." Amma ta saki.

Kwalin ya iso ranar Alhamis, saura kwana biyar istikbal. Mai kawo shi, wani dattijo mai furfura a gashin baki da ake kira Abu Yazan, ya hawo hawa uku yana haki, ta ba shi ruwa ta rufe ƙofa da sauri kada maƙwabta su ga. A ciki an lulluɓe kayan da farar takarda mai laushi, a sama ga ɗan kati da rubutun hannu: "Khalto Widad, na daɗe ina kallon hotonki kafin in zaɓa. Ina fata ɗaya a ciki zai ba ki mamaki. Tala."

"Rubutunta dai da kyau," in ji Ummu Nizar. "Bari mu ga hankalinta."

Ba ta gwada komai ba tukuna. Sai da ta juya kowanne ciki waje ta shimfiɗa a kan gado, kamar yadda Ummu Jiryis ta hawa na biyu ke kifa finjali ta karanta mana abin da gahawa ta bari. Ta bi ɗinkin da farce tana tsaki. Wannan wanda ya yi shi yunwa yake ji. Wannan ana kiransa a waya. Wannan kuwa bai taɓa son kowa ba a rayuwarsa.

Na farko wando ne mai faɗin ƙafa, ruwan toka. Ta shiga ta fito, kowace ƙafa za ta ɗauki mutum biyu.

"Yaya kika gani?"

"In iska ta taso kina baranda, sai mu nemo ki a garin Zarƙa."

Na biyu kwat ce, gajera, mai kyau ƙwarai. Ta sa, ta juya a madubi, har fuskarta ta fara sakewa. Sai ta kai hannu aljihu. Hannun ya zame. Ta sake kaiwa. Ta sunkuya ta duba: baki ne kawai aka yi wa aljihun, da murfi da maɓalli, amma babu ciki.

"Hiyam, zo ki ga. Zo ki ga abin da duniya ta zama. Ƙofa ba ɗaki! Mutum ya zauna, ya yanka, ya ɗinka, ya kafa maɓalli, duk don ya yaudari hannun baiwar Allah. To hankici fa? Makulli fa? A baki zan riƙe?"

Na uku riga ce da gabanta ya fi bayanta gajarta. Ta ce yadi ne ya ƙare musu suka ƙi faɗa. Na huɗu siket ne mai tattara, wanda ta ce ta ɗinka irinsa wa matar wani hafsa shekara arba'in da suka wuce, kuma ko a lokacin ba ta so ba.

Saura ɗaya. Doguwar riga ce, launin ɓawon rumman idan ya nuna ya fara duhu. Ummu Nizar ba ta sa ja. Ruwan ƙasa, ruwan toka, kore mai duhu, nan ta tsaya. Ta sha gaya wa masu kawo mata ɗinki cewa mace in ta haura hamsin ta sa ja, kamar ta rataya ƙararrawa ne a wuya.

"Wannan ba sai na gwada ba."

"Gwada mana. Yarinyar ta ce ta daɗe tana kallonki."

Ta shiga ɗaki. Ta daɗe. Da na ji shirun ya yi yawa na leƙa.

Tana tsaye gaban madubi, hasken hantsi ya shigo ta taga ya kwanta mata a kafaɗa. Rigar ta zauna a jikinta kamar ta san hanya. Launin ya hau wuyanta ya taɓa kumatunta, ya tono wata mace da ban taɓa haɗuwa da ita ba duk zaman da muka yi, wata mai dogon wuya da idanu masu ruwan zuma, wadda aka ajiye a bayan keken ɗinki aka ce ta jira a gama aiki. Madubin nan ya ga amare sun fi ɗari, kullum Ummu Nizar na bayansu a durƙushe, fil a baki, rabin fuskarta kawai ke fitowa. Yau ita ce a gaba.

"Ta yi tsawo da yatsa biyu," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Shi ke nan aibinta?"

"Kafaɗar ta zauna." Ta ɗan juya. "'Yar banza. Ta ina ta san kafaɗata?"

Ranar Lahadi Abu Yazan ya dawo karɓar sauran. Ya tarar da kwalin ya fi yadda ya kawo shi nauyi. Ya ɗaga, ya ajiye.

"Hajja, me ke ciki?"

"Kayansu. Da kwalbar makdus."

"Makdus? Yalon nan da ake jiƙawa cikin man zaitun? A cikin kaya?"

"Na naɗe ta da tawul. Yarinya ta aiko mini abu, in mayar mata da huɗu a ciki, kuma in mayar haka nan ba komai? A gidan wa aka yi maka tarbiyya, Abu Yazan? Ko farantin maƙwabta ba a mayarwa wayam."

"Hajja, wannan ba maƙwabta ba ne, kamfani ne."

"Kamfanin ba shi da baki?"

Aka yi ta ja. A ƙarshe ya yarda zai ɗauki kwalbar daban, a gaban motarsa, ya miƙa wa Tala hannu da hannu, bisa sharaɗin shi ma a ba shi tasa. Ta ba shi ƙarama. A cikin kwalin kuwa ta sa wasiƙa mai shafi biyu, ni na rubuta ita ta faɗa, ta gode, ta ba da haƙurin mayarwa, sannan ta yi bayani dalla-dalla yadda ake aljihu.

Da ƙofa ta rufu sai ta juyo gare ni da wani kallo da ban so ba.

"Wanke hannunki."

Ga dabarar. Rigar ta yi, ba wanda zai ce ba yankan Ummu Nizar ba ne. Lambar kamfani a wuya, almakashi zai gama da ita. Amma bakin rigar da keke aka bi shi, layi biyu a fili, ko makaho ya shafa zai gane. Dole a farke, a rage yatsa biyu, a kalmashe da hannu. Idonta garau, kanta garau. Hannu kawai take nema aro.

"Ummu Nizar, ni ko maɓalli in ya faɗi ke nake kawo wa."

"Shekara talatin kina kallona. Ko kyanwa ce ta koya."

Ta farke da kanta, don farkewa ba ta son nutsuwar hannu. Ta ja layi da alli, na yanka. Daga nan babu komawa. Muka zauna a baranda, rigar a cinyata, ita a gefena kamar alƙali.

"Zare ɗaya za ki ɗauko. Ɗaya! Wannan guda nawa ne?"

"Ban ƙirga ba."

"Bakwai ne. Kifi kike kamawa? Zare. Sake."

Na sake. Na soki yatsana, ta fizge rigar kada jini ya taɓa ta, yatsan kuwa ko kallo. Yinin Lahadi muka yi taku ɗaya. Litinin tun da safe muka koma. Tantabarun maƙwabcinmu suka tashi suka zagaya unguwa suka dawo, suka sake tashi, inuwar bene ta tsallaka titi, ni ina nan ina kamun kifi. Wani wurin ɗinkin ya matse kamar mai jin sanyi, wani wurin ya yi hamma. Da la'asar ta daina cewa in sake. Ba don ya gyaru ba, don rana ta ƙare.

Ta juya bakin rigar ta dube shi tun daga farko har ƙarshe. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Kamar tururuwa ta sha giya," ta ce. Ta nisa. "Daga waje, in an danne da dutsen guga, zai wuce. Abu ɗaya ne: kada Ummu Hatim ta kai hannu."

Talata da hantsi mata tara suka cika falo. Ummu Nizar ta bari sai da kowa ta zauna, sannan ta fito. Nan take falon ya fashe.

"Ja! Widad da ja!"

"Tabarkalla! Wa ya mutu ya bar miki ƙuruciya?"

Ummu Jiryis ta tofa mata addu'a don kada baki ya kama ta. Ummu Hatim ta gyara tabarau, ta dafa gwiwa za ta tashi.

"Zauna, zauna, gwiwarki," in ji Ummu Nizar, ta wuce kicin kamar iska.

Awa guda ana wannan. Ban taɓa ganin mace mai shekara sittin da takwas ta yi zirga-zirga haka ba. Ummu Hatim ta matso dama, ita ta tuna ta bar wuta a kunne. Ta matso hagu, ita ta ji kamar ana buga ƙofa. Da ta gaji ta zauna, sai ta zaɓi kujerar da ke bayan teburi, ta cusa ƙafafu ƙarƙashi, ta jawo zancen surukar Ummu Hatim, wanda a ka'ida yakan ci rabin yini. Ni ina zuba gahawa ina addu'a.

Ummu Hatim ta ba da labarin surukar a taƙaice, abin da ba ta taɓa yi ba. Sannan carbinta ya zame daga hannunta, ya faɗi ƙarƙashin teburin. Na rantse jefa shi ta yi.

"Bari in ɗauko miki," na ce.

"Sha zamanki, malama, ban tsufa haka ba."

Ta sunkuya. Muka ga bayanta kawai. Ta daɗe a can ƙasa. Da ta ɗago, bakin rigar na hannunta a juye, ta jawo shi fili gaban kowa, ga aikina tsirara cikin hasken rana. Matan suka miƙa wuya. Ummu Jiryis ta kai hannu baki.

Abin da na gani a fuskar Ummu Hatim ba murna ba ce. Shekara talatin tana neman sawun allura, yau ta same shi kamar sawun raƙumi, sai ga idonta ya kawo ruwa. Ta sauke bakin rigar a hankali, ta shafa shi ya kwanta.

"Ya yi kyau, Widad," ta ce da wata murya mai taushi da ban san tana da ita ba. "Wallahi ya yi. Kowa da ranar da... ai ya yi kyau. Hannunki ya yi albarka."

Sauran suka karɓa da sauri. Ya yi kyau. Sosai ma. Daga waje ba a ko gani.

Na dubi Ummu Nizar. Asirin ya tsira: ba wadda ta yi zaton sayen rigar aka yi. Sun yarda ita ta ɗinka. Abin da ya rage mata kawai ta yi shiru ta karɓi tausayin. Na ga jan rigar yana hawa wuyanta, ya wuce kumatu, ya kai goshi.

Ta miƙe tsaye har teburin ya girgiza.

"Hannun wa ya yi albarka?"

"Naki mana, habibti, ai ba komai..."

"Ummu Hatim, dube ni. Shekara hamsin da biyar kin san ni. Ki dubi wannan abin, wannan tafiyar maye, ki ce ni na yi? Ni, da Madam Araksi ta koya wa? Wallahi ko a cikin likkafani aka miƙo mini allura ba zan yi wannan ba! Ga mai aikin nan!" Ta nuna ni da yatsa, yatsan na kaɗawa. "Hiyam ce! Kwana biyu ina fama da ita!"

Ido goma sha takwas suka juyo kaina, ina riƙe da butar gahawa.

"To ke me ya hana ki yi?" in ji Ummu Jiryis.

Ummu Nizar ta juyo gare ta. Sai ta ɗauki finjali da ɗan farantinsa daga teburi, ta miƙa hannu gaba ta riƙe. Finjalin ya shiga kaɗawa, ƙas-ƙas-ƙas, ƙaramar ƙara, amma a falon nan ta fi ganga. Ta bar shi ya yi ta yi har kowa ta ji ta ƙoshi, sannan ta ajiye.

"Tun kaka," ta ce. "Ko zare ba na iya zurawa. Rigar ma ba ni na yi ba. A kwali ta zo. Wata yarinya ce a intanet ta zaɓa mini, Tala, ban san 'yar wa ce ba." Ta ɗaga haɓa. "Amma tana da ido."

Ummu Hatim ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar.

"Tun kaka," ta ce. "Tun kaka kina ɓoye mini, kin je kin ɗauko mai waƙe. Ni na mutu ne? Wa ya zauna kusa da ke wata takwas a shagon Ba'armeniyar nan kafin a kore ni?"

"Don surutu aka kore ki."

"Don surutu, ba don kalmasa ba! Hiyam, ajiye butar nan kafin ita ma ki lalata ta. Kawo allura da jan zare. Ummu Jiryis, kwashe kofunan. Ke kuma hau."

"In hau ina?"

"Teburin. Gwiwata ba za ta kai ƙasa sau biyu a rana ɗaya ba."

Mu uku muka tallafa mata ta hau. Ta tsaya can sama cikin jar rigarta, kanta na kusa da fitilar silin, mata tara a zagaye da ƙafafunta. Biyu na farke aikina da murna fiye da kima, ɗaya na riƙe da fil, Ummu Hatim ta lashi kan zare ta zura a karo na uku. Ni aka ce in tsaya can bakin taga, kada in taɓa komai.

Allura ta shiga. Ummu Nizar ta leƙo daga sama, ta ƙanƙance ido.

"Zare biyu kika ɗauko."

"Ɗaya ne."

"Biyu ne, daga nan ina gani."

"Widad, in kika sake magana zan soke ki a ƙauri, in ce hannuna ne ke rawa. Juya."

Ta juya kaɗan, taku ɗaya, ta dafa kan Ummu Jiryis don kada ta faɗi.